Shekarar da ba a kai ma matar wana yaye ba

Bari in fara da wautata, don in ban faɗa ba wasu za su faɗa, kuma za su ƙara mata gishiri. Ranar da aka kira ni aka ce matar wana ta cika a Tsibiri, na hau kabu-kabu daga unguwar Zariya ta Maraɗi ina ta cika ma mai babur baki. Na ce mashi tsohuwar ta ga jikokin jikokinta, irin wannan mutuwa wasa ake yi wurinta, ba kuka ba. Na ce cikin dangi duka ni kaɗai ne ba ita ta yaye ni ba, saboda haka ni zan zauna in karɓi gaisuwa da busassun idanu. Aka yi mata sutura, aka dawo daga maƙabarta, na zauna bisa tabarma cikin manya. Ban san sa'ad da abin ya taso mani ba. Na ɓarke da kuka har da shessheƙa, na jawo hannun riga na share fuska, na fyace hanci yadda ya kamata. Sai da na buɗe ido na ga rigar shuɗiya ce, ni kuwa fara na sa. Ta limamin unguwa ce. Allah ya saka mashi da alheri, ɗan matsawa kawai ya yi.

Daga Allah muka zo, kuma can kowa ya nufa. Ita dai ta riga mu, bayan ta daɗe tana cewa an manta da ita.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba. Dattawa masu furfura, wasu da sanda, suka zauna suna gardamar wanda ya fi ba ta wahala lokacin yaye. Wani tsohon jandarma ya rantse cewa shi ya cije ta a kafaɗa, kuma tabon yana nan har ta mutu. Wata Hajiya mai fataucin atamfa ta aiko daga cikin gida a gaya mashi ƙarya yake, haƙoranta ne. Sunayen da ta laƙaba masu tun suna tsumma su suka riƙa kiran juna da su, ga Kwaɗo, ga Zakara, ga wani babban ɗan kasuwa da ake ce ma Tusa a gaban 'ya'yansa yana amsawa. Liman ya tsawata, aka yi shiru, aka yi fatiha, can sai dariya ta sake tashi daga wajen mata. Mutum ɗaya ne bai sa baki ba, jikanta na Jiratawa, wanda muƙamuƙinsa na hagu ya ɗan karkace. Yana gefe yana jan tasbaha.

Na saurari labarai iri-iri cikin kwanakin nan, amma ba wanda ya taɓo shekarar da ba a kai mata yaro ko ɗaya ba. Waɗanda suka sani kunya suke ji, yaran yanzu kuwa ba su sani ba. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da mushe, malamin boko, ya kora daga lakwal tun ban iya rubuta sunan ubana daidai ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

An kawo ta gidanmu amarya ina yawo ba wando. Tun ranar take ce mani mijin banza, ni kuma ina ce mata uwargida, har muka tsufa a haka. Wana mutum ne mai shiru. In abu ya dame shi sai ya ɗauki hauya ya tafi gona, ko da tsakiyar rani ne. Magana duka ita aka bar ma.

Ba wanda ya naɗa ta mai yaye. Da ɗan maƙwabciya ta fara, aka ga yaron ya manta da nono ba tare da ya rame ba, sai labari ya bazu. Daga Maraɗi ake kawo mata, daga Jiratawa, daga ƙauyukan bakin gulbi. Ba ta yarda uwa ta yi sallama da ɗanta. Sai ta saɓa yaron a kafaɗa ta ce za su je gaida awaki, ta yi ma uwar alama da ido ta sulale. In ta ji uwa ta shafa maɗaci a nono, faɗa take yi kamar za ta doke ta, tana cewa a raba su da daɗi mana, me ya sa sai an ɓata mashi abin da ya fi so a duniya. Waƙarta ba daɗi, kaji ma watsewa suke yi, amma yara barci suke.

Babban sirrinta shi ne tauna. Gasasshen nama, gyaɗa, aya, dabino, duk sai ta tauna su sun yi laushi, ta fito da su bisa yatsa ta sa ma yaro a baki. Kullum cewa take ba yunwa ke sa ɗan yaye kuka ba, ɗumin jikin mutum yake nema, kuma abin da ya fito daga baki da ɗuminsa yake fitowa. Duk tsofaffin nan da na lissafa, daga bakinta suka fara cin nama.

Abin ya faru shekaru kaɗan bayan Nasara sun miƙa mulki, kafin babban farin da ya ƙare dabbobi. Lokacin ina aparanti, wato yaron mota, a kamyon wani Alhaji mai sayen gyaɗa. Na daɗe ban yi aure ba, don ba mai son ba aparanti ɗiyarsa, sai da wata Badamagariya ta yi kuskure ta yarda. Ɗiyar matar wana ta fari tana aure a Jiratawa, gidansu dab da fadama, inda sauro ke cin mutum tun la'asar. Ɗanta, wanda kakar ta yaye da hannunta, yaro ne mai yawan masassara, kowace damina sai ta kayar da shi sau da yawa. Bai isa famfara ba sai haƙoransa na gefe guda suka fara girgiɗi, kumatu ya tashi. Aka ce hangum ne. Aka shafa abin da ake shafawa, wanzami ya gwada nashi, kumburin bai saurari kowa ba. Kafin wata ya zagayo ya tura idon yaron sama, bakinsa ba ya rufuwa.

Ni na ɗauko shi bisa buhunan gyaɗa zuwa asibitin Maraɗi, uwarsa na riƙe da shi, ubansa na riƙe da ita. Likitan Bature ne, dogo, mai jan wuya. Ya ce ciwon daji ne na yara, ya san shi, kuma akwai magani in an yi sa'a. Aka riƙa sa ma yaron ruwan magani ta jijiya. Gashinsa ya zube, ya yi ta amai, amma kumburin ya riƙa narkewa kamar man shanu a rana. Mu duka mun ɗauka magana ta ƙare.

Babban ma'aikacin asibitin, wanda muke ce ma Majo, shi ke yi ma likita tafinta. Cikin tambayoyin da ya yi ma uban yaron har da ko akwai mai tauna mashi abinci, don an gano wata ƙwayar cuta da ke tafiya da wannan ciwo, kuma ta miyau take bi daga mutum zuwa mutum. Uban bai yi nufin sharri ba. Ya koma gida ya gaya ma tsohuwarsa abin da ya ji. Tsohuwar ta je rijiya ta ce jikanta a baki aka ba shi ciwo. Daga rijiyar Jiratawa zuwa kasuwar Tsibiri maganar ba ta kwana ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake nufi in an ce bakin tsohuwa ya taɓa yaro. Ba wanda ya furta kalmar, ko sau ɗaya ban ji ba. Amma wata mata ta zo ta ɗauke ɗanta ana tsakiyar yaye, ta ce wai ubansa ke kewarsa. Waɗanda suka yi alkawarin kawowa bayan girbi ba su zo ba. In ta bi ta lungu sai ka ji ana kiran yara su shigo su ci tuwo, ko da hantsi ne. Ƙaramar tabarmar da take shimfiɗa ma 'yan yaye ta naɗe ta, ta ɗora bisa danga. Na zo wata rana na tarar da ita tana yi ma awaki faɗa a kan rashin godiya. Wana kuwa yana gona, ƙasa busasshiya, yana ta sara.

Ina kwance ƙarƙashin kamyo a tasha wata safiya na ji an ja ƙafata. Ita ce, ƙura har gwiwa, da ƙafa ta tako daga Tsibiri.

"Taso, mijin banza. Kai ni wurin Nasaran ga ya duba bakina."

Na ce mata ba haka ake ganin likita ba, sai an bi layi. Ta ce to in bi mata layin, ita ta shiga. Haka kuwa aka yi. Ta tsaya gaban teburinsa ta wangame baki har ana ganin 'yar wuya, ta nuna da yatsa. Likita ya fara dariya, Majo ya yi mashi bayani, sai dariyar ta tsaya. Ya ba ta kujera. Ya ce abin ba a ganinsa a baki. A jini ake ganin alamar cewa jiki ya taɓa haɗuwa da shi, kuma nan ba su da kayan dubawa, sai dai ya aika ma wani abokinsa a ƙasarsu. Ya ƙara da cewa jininta ita kaɗai ba zai faɗi komai ba. Sai an haɗa da na masu lafiya, waɗanda suka ci daga bakinta da waɗanda ba su taɓa ci ba.

Ta ce in dai mutane yake so, ya shirya kwalabensa.

'Yan gida ba su yi wuya ba, tsoronta suke ji. Aikin yana Jiratawa. Na raka ta, don a ce dai da namiji. Ta yi sallama, ta gaida tsohuwar nan da kyau, ta tambayi jikin yaro, ta sha ruwa. Sannan ta ce ta ji abin da aka faɗa a rijiya, kuma ba faɗa ta zo yi ba. Su je tare su miƙa hannu. In nata ya fito da abin, na tsohuwar ya fito fes, ta yi alkawari gaban Allah ba za ta sake taɓa ɗan kowa ba. Tsohuwar ta ce ita jininta ba zai hau jirgi ya tafi ƙasar Nasara ba, wa ya san abin da za su haɗa da shi. Matar wana ta dube ta sama da ƙasa.

"Mi Nasara za shi yi da jininki? Duk sauron garin ga, ke ɗai suka bari."

Maƙwabta da suka leƙo ta danga suka fashe da dariya. Aka yi ta musayar magana har rana ta take, an tono sadakin da aka kai da garar da aka kawo, har da wata tukunya da aka ara tun bikin suna. Amma idon jama'a ya riga ya sauka a kan tsohuwar Jiratawa, ba ta da hanyar ƙi. Ta ce za ta zo, don a san ita ba ta da abin ɓoyewa.

Ranar ɗibar jini ni na fi kowa baki. Na tsaya bakin ƙofa ina tsokanar duk wanda ya fito yana riƙe da auduga, na ce ma wana ya yi fuska kamar an aiko mashi da takardar haraji. Da layi ya zo kaina na zauna, na naɗe hannun riga, Majo ya ɗago allurar. Abin da na sani ke nan. Na farfaɗo a ƙasa tana yi mani fifita da gefen mayafi, na ji tana ce ma Majo ya yi sauri ya ɗiba tun ban farka ba. Matata, da goyon ɗiyarmu ta fari a bayanta, ta miƙa hannu ko ƙiftawa ba ta yi ba, kuma ba ta bar ni na manta ba har yau. Daga ƙarshe Majo ya ce ma wani abokin aikinsa ya ɗibi nashi a haɗa. Shi mutumin yamma ne, daga bakin Kwara, bai taɓa shan ko ruwan Tsibiri ba.

An daɗe ana jira. Yaron ya koma gida, gashi ya fara tsirowa. Ita kuwa tabarmar na nan bisa danga, rana na cinta.

Da amsa ta zo, Majo ya tara mu ƙarƙashin itacen bedi a asibiti. Ya ce an ga alamar a jinin matar wana. Tsohuwar Jiratawa ta gyara zama. Ya ce an gan ta a jinin wana, da na uwar yaron, da na ubansa, da nawa, da na matata da ba ta taɓa cin komai daga bakin kowa a Tsibiri ba. Ya ce an gan ta a nashi. Tsohuwar ta tambaya ko ya tsallake sunanta. Ya ce bai tsallake ba, girma ya ba ta ya bar ta ƙarshe, nata ma akwai.

Abin da ya bayyana mana ranar, da abin da ɗiyar ƙanwata mai aikin awon jini ta ƙara mani bayan shekaru, na haɗa su wuri guda, don ban iya raba wane ya faɗi wane. Ƙwayar nan kusan kowa na ɗauke da ita. Tun yaro na rarrafe take shiga, ta sumbar uwa, ta ludayin da aka sha aka miƙa mashi, ta yatsan ɗan'uwa. In ta shiga ba ta fita. Sai ta sami wasu 'yan halittu farare da ke cikin jini, ta mayar da su ɗakunanta, ta shige ciki ta kwanta. Jiki kuma yana da wasu fararen, masu gadi, da suka riga suka gane kamanninta. Aikinsu zagaye. Duk ɗakin da ta motsa a ciki tana son ta sa shi ya yi ta haihuwar kansa, sai su gane, su rushe ɗakin da ita a ciki. Ba su iya korarta duka, ita ma ba ta iya fin ƙarfinsu, haka za a zauna har mutum ya tsufa ya mutu da wani abu dabam, bai ma san ana wannan tsaro a jikinsa ba. Sai yaro ɗaya cikin masu yawa, galibi wanda masassarar sauro ta yi ta bugu, masu gadin nashi su gaji, hankalinsu ya rabu, wani ɗaki ya kuɓuce masu. Shi ne kumburin.

Majo ya tambayi matar wana ko ta gane. Ta ce ta gane sarai, ai suna da irinsa a gida. Ta nuna ni.

"Ga shi nan. Ba a kore shi ba, ba a kuma ɗauke ido daga kanshi. Ran da anka yi gyangyaɗi, ranar za a ji labari."

Har likita sai da aka fassara mashi.

Tsohuwar Jiratawa ba ta ba da haƙuri ba, ba irinta ba ce. Amma da za a hau mota ta riƙe ma matar wana ƙwarya, kuma bayan kwana kaɗan ta aiko da albasa da ɗanyar taba. Sai dai labarin wankewa bai yi gudun na farko ba. Mutane suka ji, suka ce Allah sarki, dama su ba su yarda ba, amma kowa ya tsaya ya ga wanda zai fara kai nashi.

Lokacin yayen ɗiyata ya zo. Matata ba ta ce a'a ba, amma ta ɗauki yini guda tana ɗaure 'yan riguna da ba su cika ƙwarya ba. Na zaɓi ranar kasuwar Tsibiri. Na roƙi shofer ya ratsa ta tsakiyar gari, na zauna gaba da yarinyar bisa cinya, na kama oda na yi ta dannawa tun daga bakin gari har ƙofar gida. Jakuna suka watse, wata mai fura ta zage ni har kakana. Duk wanda ya tambaya lafiya, sai in ɗaga yarinyar ta taga in ce yaye za mu kai. A rayuwata ban yi abubuwan kirki da yawa ba, wannan ma da hayaniya na yi shi.

Ta fito ta ganmu. Ba ta yi godiya ba. Ta ce na cika ma mutane kunne, ta karɓi yarinyar ta saɓa a kafaɗa, ta ce za su je gaida awaki. Da hannu ɗaya ta sauko da tabarmar daga danga ta kakkaɓe.

Kafin damina ta faɗi an kawo mata wasu, bayan nan kuma sai da ta riƙa mayar da mutane don wuri ya cika. Ta yi ta yaye har ƙarfinta ya ƙare. Jikan nan nata ya girma, ya yi noman rani a Jiratawa, ya yi aure, kuma 'ya'yansa duka wurinta ya kai su, shi da kansa yake ɗauko su bisa keke. Ta yi tsufa mai kyau, cikin yara da awaki da faɗa. Allah ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta, ya sa ta tarar da wana ya tanadi abin da zai ce mata. Waɗanda ta goya su yi mata addu'a, waɗanda suka kira 'ya'yansu cikin gida da hantsi su ma su yi, ta daɗe da yafe masu.

Akwai magana ɗaya tata da na rasa amsarta, ni da ban taɓa barin ta ta yi ta ƙarshe ba. Ranar da na kai ɗiyata ne, da la'asar. Na sayo balangu a kasuwa na miƙa mata, na zauna in ga yarinyar ta ci namanta na fari. Sai na ga ta wanke hannu, ta jawo ɗan turmin yaji, ta ɗauraye shi, ta daka naman har ya yi laushi, ta ɗumama shi cikin tafin hannunta, sannan ta sa ma yarinyar a baki. Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta sake tauna ma ɗan kowa komai ba. Na ce mata uwargida, haƙoran ne suka ƙare, ko ba ki ji Nasara ya wanke ki ba? Ba ta ɗago ba, tana share ma yarinyar haɓa.

"Likita cewa ya yi kowa na da shi. Bai ce ba ni na ba yaron nan nashi ba."